Injin Ruwan Da Yaya Gwadabe Ya Tafi Da Awonsa

Mu na Allah ne, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Gwadabe mai walda, a gidansa da ke Wudil, bayan jinyar wata biyu. Shekarunsa sittin da ɗaya. An yi masa sutura bayan azahar.

Yaya, kwana bakwai ke nan ina kan tabarmar makoki ina amsa gaisuwa, kuma na gaji. Duk wanda ya shigo sai ya ce kai mutumin kirki ne, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai a cikin masu faɗin akwai mutum uku da suka gina gidaje da aikin ƙwaƙwalwarka. Da suka ɗaga hannu suna yi maka addu'a, ƙasa na kalla, don kada in faɗi abin da ba a faɗa a gidan rasuwa.

Ga wanda bai sani ba, shi ya ƙirƙiro murhun nan na ganga da mata masu bandar kifi suke amfani da shi a bakin kogi, mai cin ɓuntun shinkafa maimakon itace. Mafarinsa wata tsohuwa ce da hayaƙi ya cinye wa ido, ta zo shagonsa gyaran tukunya tana lalube. Shekara uku ya yi yana ɓata ganguna kafin wutar ta kama yadda yake so. Na farkon da ya yi kyau, ita ya kai wa har gida, bai karɓi ko sisi ba.

Daga nan ka yi abin da har yau bai bar raina ba. Ranar Juma'a, ranar kasuwa, ka fito da murhun bakin shago, ka buɗe cikinsa, duk wanda ya tsaya ka yi masa bayani. Har hannun mutum kake kamawa ka nuna masa inda iska take shiga. Kafin damina, shaguna uku a layinka suna ƙera shi, daga Darki har Kausani ana sayen nasu, don ya fi naka araha. Dole ya fi araha. Kai ka yi asarar shekara uku, su yini biyu suka yi suna kallo.

Shekara ashirin ina koyar da darasin tattalin arziki a sakandare, don haka na zo maka da abin da na sani. Na ce akwai doka, ana yi wa ƙirƙira rajista. Hukuma ta tsaya maka shekara ashirin, ba mai ƙera abinka sai da izininka, kai kuma ka rubuta sirrinsa duka a ajiye, domin na baya su karanta su ɗora. Ciniki ne tsakanin mutum da al'umma. In babu shi, wa zai yarda ya sha wahalar farawa alhali mai kwaikwayo ne zai ci riba?

Ka yi dariya ka ce, "Auta, ke dai da turancinki. In mutum ya yi sallama ya tambaye ni, sai in ce masa ya kawo takarda?"

Na ce, "To ci gaba, limamin maƙera. Su ci tuwo da nama, kai ka ci lada."

Amma maganar ta shige ka. Na gane haka lokacin da ka ƙera abu na biyu, injin da gudun ruwan kogi yake juya shi, ya ɗaga ruwa zuwa gona ba fetur. Sau ɗaya ka gwada shi, a gonar albasar amininka Malam Muhyiddeen. Ina tsaye ruwa ya hau, ya bi kwalbati har ƙarshen gona. Malam Muhyiddeen, wanda tsadar mai ta sa ya bar rabin gonarsa ba shuka, ya durƙusa yana taɓa ruwan kamar bai taɓa ganin ruwa ba.

A nan ne na yi nawa kuskuren. Na ce ka kwance shi, ka kulle, kada ka nuna wa kowa sai na kammala maganar rajista. A karon farko a rayuwarka ka bi maganata. Ashe rajistar tana buƙatar zane da awo, kai kuwa ba ka taɓa awo da tef ba. Da hannunka kake auna ƙarfe: ɗani biyu da yatsa uku, ɗani ɗaya da rabi, kamar yadda mahaifinmu ya koya maka a maƙera. Na ce zan kawo mai zane ya zauna da kai. Jarrabawa ta zo, auren 'yata ya zo, na ce sai hutu, hutu ya zo na ce sai na gaba. Shekara huɗu.

Jiya babban ɗanka Lukman ya buɗe mini shagon. Ƙarafan suna nan a jingine, guda talatin da wani abu, wasu ka sake yanka su, wasu ba ka gama ba. Ba wanda ya san wanne ke bin wanne. Na farko ka buɗe, aka kwashe aka bar ka. Na biyu na sa ka rufe, ga shi ka tafi da awonsa, manoman rani suna can suna layin fetur.

Na yi shawara da iyalinka, sun amince. Juma'a mai zuwa Lukman zai fito da ƙarafan bakin shago. Duk mai walda da ke ganin zai iya haɗa su ya zo, har da mutum ukun nan. Na haɗiye abin da ke raina. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya haɗa, za a zana a rubuta kafin ya fita da ko ƙusa, a yi rajista da sunan Gwadabe tare da nasa. Ban sani ba ko akwai mai iyawa. Idan babu, wannan nauyi nawa ne, kuma ina roƙonka gafara a inda ba za ka iya amsa mini ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowace mace da idonta ya tsira daga hayaƙi ta zama shaida gare ka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Radiyya, da Lukman, da Ja'afar, da sauran 'yan'uwa, da Malam Muhyiddeen. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ƙanwarka,
Salamatu
Wudil