Ƙwayoyin da Goggo Ta Ɓoye

Shekara arba'in Goggo ta yi tana ɗinki a wani ɗan shago mai taga ɗaya, kuma ba a taɓa sayar mata da yadin jabu ba. Murza shi take yi tsakanin yatsu biyu, ta ɗaga shi a haske, ta ce wa mai shi ya kwashe tsiyarsa. Da wannan idon ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta.

Da ta haura sittin sai ta fara ranƙwafawa. Likita ya ce ƙasusuwanta sun zaizaye, ɗan tuntuɓe ma zai iya karya ta. Ya rubuta mata ƙwaya ɗaya duk mako, da safe kafin ta ci komai, kuma kada ta kwanta sai bayan rabin awa.

Wata shida Auta, 'yarta malamar makaranta, tana sayen mai kwali mai ƙyalli, har albashi ya gaza. Sai mai kantin magani ya miƙo musu wani farin kwali.

"Sinadarin ɗaya ne, Mama," in ji shi. "Kamfanin ne daban, kuma an tantance shi."

Goggo ta shafa kwalin, ta ɗaga shi a haske.

"Wannan arhar fa, ɗana?"

"A da kamfani ɗaya ke da izinin yin sa. Yanzu wasu ma sun samu."

Goggo ta sha jin irin wannan daɗin bakin daga 'yan tallar yadi, kuma ta ga yadda Auta ta rame, ba za ta ce a koma wa mai tsadar ba.

Abin haushin, duk Litinin sai ta zauna ƙyam da kofin ruwa, ta cika rabin awarta daidai, Auta na kallo tana murna. Ƙwayar kuwa tana ƙulle a bakin zane, daga nan sai gwangwanin maɓallai.

Bayan shekara guda, wata safiya ta taka ƙyalle a shago, santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Auta ta je neman katin asibiti, ta buɗe gwangwanin, sai ga ƙwayoyin shekara guda a ciki. Nan ta durƙushe tsakanin zare da almakashi, tana kuka kamar ranta zai fita.

A gadon asibiti Goggo ta ga gwangwanin a hannun Auta, ta kawar da kai.

"Na ɗauka cutar ki aka yi," ta ce a hankali. Can ta miƙo hannu. "Kawo su, Auta. Zan shanye duka yanzu."

"Ba haka ake yi ba, Goggo."

"To, ɗaya-ɗaya. Ba zan ƙara tsallake ko guda ba, wallahi. Nan da yaushe zan taka keken ɗinkina?"

Auta ta gyara mata bargo, ta ce bari ta tambayo likita. Ta fita, ta jingina da bango a bayan ƙofa, domin tun da safe ta riga ta tambaya, ya ce da wuya Goggo ta ƙara taka keke.