Ƙotar da Aka Sassaƙa wa Bahago

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai yayana Sale makwancinsa a Lausu. Ya bar matarsa Hansai, da ɗansa Habibu yana ƙarami, da wata bindigar farauta da bai gama haɗawa ba. Bindigar a hannuna ya bar ta, guntu-guntu a cikin buhu, ya ce in ajiye wa Habibu, in ya girma ya koyi farauta. Bana wannan buhun ya hana ni sakat.

Yaya Sale manomi ne, farauta kuwa sha'awa ce da yake yi da rani. Ba ya sayar da nama. In ya harbo zabi ko fakara a gindin duwatsun Rano, gida-gida yake rabawa. Bahago ne. Mahaifinmu ya sha buge masa hannu har ya koyi cin tuwo da dama, amma harbi ya ƙi komawa dama. Duk bindigar da ya aro don mai dama aka sassaƙa ta, kumatunsa ba ya zama a kanta, sai ya karkace wuya kafin ya saita. Abokan farautarsa suna yi masa tsiya, wai zabi ma sun gane shi, in sun hango mai karkataccen wuya sai su ci gaba da kiwonsu.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ya ce zai haɗa tasa. Mutane suna ta maganar siyasa a bakin kasuwa, shi kuwa maganar ƙarfe yake yi. Aka kawo masa bututun famfo, ya ce ba zai ɗora fuskarsa a kan abin da aka yi don ruwa ba. Ya shiga mota zuwa birni wurin masu tsofaffin kayan mota, yana ɗaga ƙarafa yana leƙa rana ta cikinsu, har ya samu wanda ya miƙe masa. Kunamar, wato abin da ake ja da yatsa, Malam Idi maƙerin Kibiya ne ya ƙera. Yau ta yi tauri, gobe ta yi laushi, har Malam Idi ya ce da ya san haka ne da ya tsaya a kan lauje.

Ƙotar, wato itacen da ake ɗorawa a kafaɗa, ita ce ta fi cin lokaci. Ƙirya ta yi masa nauyi, ɗinya ba ta da ƙwari. Ya zaɓi maɗobiya, ya jingine ta a zaure har shekara ta zagayo ta bushe. Masassaƙi ya auna shi daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya rarake wurin kumatu a ɗaya gefen, inda bahago zai kwantar da fuska. Na ce wa Yaya Sale kafin ya gama zabin duk sun mutu da tsufa.

Ya ce, "To su tsufa mana, Garba. Ina nan."

Damina ta gaba ciwon ciki ya ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Dajin da yake shiga ya zama gonaki, fakara ta yi wuyar gani. Bindiga kuma ta canza suna a bakin mutane. Da in an ga mutum da ita, tambayarsa ake me ya samo. Yanzu ɓarayin shanu sun addabi rugage da ƙauyuka, matasa suna shiga aikin sintiri, waɗansu an dawo da su a makara. Habibu ya zama saurayi mai gemu, ya shiga cikin masu sintirin, ya zo ya ce in ba shi kayan babansa.

Hansai ta riga shi zuwa. Ta durƙusa a tsakar gidana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta roƙe ni in jefa bututun a rijiya. Habibu kaɗai gare ta. Na je wurin Malam Idi ko zai taya ni, ya ce shi ya daina taɓa bindiga tun da aka fara kama maƙera, amma kada in ruɗi kaina, akwai yaran maƙera da za su haɗa ta ba tambaya. Na tambayi liman, ya ce gado na mai shi ne, amana kuma ba a jefa ta a rijiya.

Sai na yi dabarar da na iya. Na fito da ƙotar kaɗai na miƙa wa Habibu. Ya ɗora ta a kafaɗar dama, kumatunsa ya rasa wurin zama. Ya juya, ya sake, ta ƙi.

Na ce, "Ka gani? Ta bahago ce. Ba za ta yi maka ba."

Ya ce, "Na gani, Baffa." Ya tafi da ita, ni kuma na ɗauka an wuce wurin.

Ranar kasuwar Kibiya da ta wuce, ina dawowa a kan babur, na hango shi a gefen gonarsu. Ƙotar tana kafaɗarsa ta hagu, ya kwantar da fuska a ramin nan, yana saita kan wani suri. (Na tsaya daga nesa.) Ya sauke, ya sake ɗagawa, a hankali, ba gaggawa. Tsayuwar Yaya Sale ce sak, sai dai wuyan bai karkace ba.

Na daɗe ina zaton abin da yayana ya bari ƙarfe ne da itace. Ashe haƙurin nan ya bari, wanda ya sa ya jira itace shekara guda, kuma ga shi a jikin ɗansa yana koya wa hannun hagu abin da bai iya ba. Ran da hannun ya saba, zai zo neman bututun. Hansai takan dube ni in mun haɗu, ni kuma in dubi ƙasa.

Allah ya haskaka kabarinka, Yaya. Buhun yana nan ƙarƙashin gadona. Ka ce in ba shi in ya girma, ga shi ya girma.