Ɗan Banga a Gaban Talabijin

Na gama sauke albasar Aliero, ina hutawa a shagon mai gyaran rediyo a kasuwar Jega. A talabijin, wani jarumi mai rufaffiyar fuska ya ɗaure ɓarawo a ƙofar 'yan sanda, ya tashi sama abinsa.

Kusa da ni wani dattijon ɗan banga ne, gora a hammata, tabon wuƙa a kunci, yana tauna goro. Da gani ya sha kamu.

"Af, ya tashi?" in ji shi. "To wa za shi ba da shaida gaban alƙali, dangin ɓarawo na kallonai? Ni yau ma can ni nuhwa."

Muka kwashe da dariya. Shi kuwa ya gyara hula ya kama hanyar kotu, fuskarsa a buɗe.