Kawu, Kukun da Aka Hana Taɓa Wuta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata. Na zauna in rubuta alhini, Kawu, amma duk abin da na tuno game da kai da murmushi yake zuwa.

Kai kuku ne, a kicin ɗin otal ka ƙare ƙuruciyarka. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ka, likita ya ce kada ka ƙara kusantar wuta. Goggo, matarka, ta ɓoye ashana, ta kulle tukunyar gas. Tun daga nan ka yi shiru. Abinci sai da lallashi, gaisuwa sai gyaɗa kai. Muka fara fargabar za mu rasa ka tun kana raye.

Ran nan na zo gaishe ka, ɗauke da kwalbar markaɗaɗɗiyar gyaɗa da cakulan ɗin da na sayo wa yara. Ka daɗe kana kallonsu, sannan ka ce, "'Yar Yaya, akwai ruwan zafi a fulas?"

Na ce akwai.

"To, likita wuta ya hana ni, bai hana ni fulas ba. Kawo biskit da bota."

Nan take gidan ya farka. Ka zuba biskit a leda kana murƙushe shi da gindin kofi da hannunka mai lafiya, kana ba da umarni sai ka ce kicin ɗin otal ne ya dawo. Ka cuɗa garin biskit ɗin da gyaɗar da bota da garin sukari, na riƙe maka tire ka danne da bayan cokali. Ka sa cakulan a ƙaramin kwano cikin ruwan zafi, ya narke yana sheƙi, ka malala shi a kai, muka sa tiren a firij. Jikoki suka tsare firij suna buɗewa suna rufewa, kana korar su kana dariya: "Ana cewa mai haƙuri ke dafa dutse, ku ko sanyi kun kasa jira."

Goggo ce ta fara ɗanɗanawa. Ta juya mana baya tana goge ido da mayafi, ta ce wai da ka sa ɗan gishiri. Washegari ka sa.

Daga nan kowane ƙarshen mako sai tire ya cika. Ka koya mini in ɗumama wuƙa kafin yanka don kada cakulan ya tsage. Maƙwabcin da ke jinya da matar da ke gasa maka hannu, kowa da rabonsa a naɗe. Ba ka taɓa sayarwa ba.

Ranar da ka rasu akwai tire a firij, ba a yanka ba. Kowa ya kasa taɓa shi, sai Goggo ta miƙo mini wuƙa ta ce, "Yanka ki ba yara. Bai yi shi don kallo ba."

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga Goggo da 'ya'yanka da jikoki, da mahaifiyata da ta rasa ƙaninta. Allah ya ba mu haƙuri. Yadda ka sanyaya zukatanmu, Allah ya sanyaya makwancinka.