Kwantirolar Ɗakin Sanyi

A da, in aka ce kwantirola, babban jami'in kwastam nake sani, mai tumbi da direba. Sai da na fara tsaron ɗakin sanyi a kasuwar kifi ta Kado na haɗu da wata kwantirolar: 'yar ƙaramar na'ura a bango, wadda ke kashe injin in sanyi ya isa, ta sake kunna shi in ya ragu.

Na tsane ta. Mu da muka taso da ɗauke wuta, shirun inji ba alheri ba ne. Duk sa'ad da ta kashe shi sai gabana ya faɗi. Rannan na kira mai gyara, na ce ya cire ta, ya haɗa injin kai tsaye. Ya ce, "Oga, ko jaki ana sauke masa kaya." Na ce ba wa'azi na kira shi ba.

Har alfahari na riƙa yi cewa injina ba ya hutawa. Da wannan bakin na jawo wata dattijuwa 'yar Filato, wadda kowa ke kira Mama, ta kawo katan-katan na kifin da ta zuba duk jarinta a ciki saboda kasuwar Kirsimeti.

Wata Juma'a da hantsi injin ya yi ƙauri, ya tsaya. Na hau acaɓa zuwa Idu, ina bin rumbunan kayan gyaran inji ɗaya bayan ɗaya ina roƙo kamar mai neman jini a asibiti. Wannan ya ce sai Litinin, wancan ya tafi masallaci. Na dawo na jibga ƙanƙara, na rufe ƙofa, ina addu'a ina zagin kaina. Tsoro ya hana ni faɗa wa Mama. Da na faɗa a ranar, da ta kwashe kifinta ta kyafe shi.

Ran Litinin ta zo da kwanonta. Kafin in buɗe ƙofar warin ya riga ni magana. Ta ɗaga katan ɗaya, ruwa ya zubo mata a ƙafa. Ba ta yi ihu ba, ni kuwa na so ta yi.

"Ɗana, tun yaushe?"

"Tun Juma'a, Mama."

"Juma'ar da ka gaishe ni sau biyu?"

Ta kife kwanon a kanta ta fita. Teburinta yanzu mai tumatir ne a kai, kuma kullum ta gabansa nake wucewa.