Ruwan Fari na Baba Ilu

Laraba: Kano zuwa Kura

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fita daga gidana a Gyaɗi-Gyaɗi, ina idar da salla. A jakata akwai rikoda, kaset biyu, sababbin batura, goro na naira ɗari biyu, da littafin rubutuna. Bari in yi muku bayanin littafin nan tun yanzu. Ni malamin jami'a ne, aikina kwatanta sihiri da almara da addini a tsakanin al'ummomi. Kowane shafi na raba shi gida uku da rula, duk abin da na ji a bakin mutane sai in jefa shi gidansa. Shekara shida ke nan ina rubuta kundin digirina na uku, babi ɗaya ya tsaya mini a maƙogwaro.

Babin a kan wata al'ada ce ta manoman rani a wani ƙauye gabas da Bunkure. Ranar da aka sako ruwa a kanal, wato magudanar ban-ruwa, farkon rani, ba sa barin ruwan fari, wanda ya fara isowa, ya taɓa shuka. Sai su kora shi wani lungu na gona da ba a shuka komai, sannan su raba gumba. Na karanta irin wannan a wajen mutanen bakin koguna a ƙasashe da dama, inda ake ba aljanin ruwa kasonsa kafin ɗan Adam ya taɓa. Zargina wannan ma ragowar hakan ce, ta sa rigar sadaka. Mutum ɗaya ne ya san asalinta, Baba Ilu, jikan wanda ya riƙe tafkin ƙauyen a da can, tun kafin katafila ta cike shi a yi kanal. Sau tara na zauna a zaurensa. Amsarsa ɗaya ce: "Sadaka ce, Malam. Ci goro."

A tashar Unguwa Uku na tarar da Nasiru yana jirana. Ni na koyar da shi tun shekararsa ta farko a jami'a, ni na sha gyara masa rubutu da jan biro. Ya tafi ƙasar waje ya dawo da digirin da nake ta fama a kai, yanzu ofishinsa na kallon nawa, an rubuta Dakta a ƙofar. Shi ya roƙi ya raka ni. Na ce to, don ba ni da hujjar cewa a'a, amma har ga Allah raina bai so ba.

Bas ta tashi shida da minti goma, naira tamanin kowa. Bayan mun fita gari muka iske shingen jami'an tsaro. Ɗayansu ya leƙo ya ga rikoda a cinyata.

"Mawaƙa ne?"

"Malaman jami'a ne, ranka ya daɗe," in ji direba.

"Wanne ne babban?"

Direba ya waiwayo, ya dubi tabarau ɗin Nasiru da wayar salular da ke hannunsa, lokacin ba kowa ke da ita ba, ya nuna shi. Nasiru ya yi maza ya ce, "A'a, ga malamina nan." Wannan gyaran ya fi kuskuren direba yi mini zafi.

Kura

Bakwai da minti biyar muka iso, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai. Injinan casar shinkafa sun riga sun tashi, sai ka ɗaga murya a ji ka. Muka sha shayi da burodi da ƙwai, naira sittin-sittin, muka wuce gidan Hedimasta Garba, tsohon abokina da nake sauka wajensa.

Da hantsi muka hau babur zuwa Kadawa, wajen ma'aikatan ban-ruwa, don mu tabbatar da ranar sakin ruwa. Wani malamin gona ya ce gobe da safe layin Bunkure zai samu. A hanyar dawowa, ko'ina ka duba mutane ne a duƙe suna yashe ƙananan magudanai, ga irin tumatur a rufe da ciyawa yana jiran dashe.

Da yamma aka kawo shinkafa 'yar Kura da wake, da mai da yaji. Hedimasta, wanda shekara shida yake saukata, ya juya mini ƙeya ya sa Nasiru a gaba. Dakta, da gaske ne a can rana ba ta faɗuwa sai ƙarfe goma? Dakta, ƙara nama. Da ya tambaye shi aikinmu, sai Nasiru ya ce a can yanzu ba a cika raba abu gida uku ba, don mai yin abin ba ya ganin layin da muke ja. Ya faɗa a hankali, da ladabi, bai ko kalli jakata ba.

Na ce, "To, mu dai ba mu je ba."

Hedimasta ya yi dariya, ya ɗauka raha nake yi.

Alhamis: Kura zuwa Bunkure

Shida da rabi muka ɗauki 'yan acaɓa biyu, naira ɗari da hamsin kowanne, muka bi hanyar gefen babban kanal. Ruwan ya riga mu, yana tafe da kara da ledoji a goshinsa. Bakwai da ashirin muka ratsa Bunkure, takwas saura kwata muna bakin gonar Baba Ilu. A duk zuwana wannan ne karo na farko da na same shi ba a zaure ba. Da ma da hutun damina nake zuwa, lokacin da ba a buƙatar ruwan kanal.

Tsoho ne siriri, ya haura tamanin. Mun same shi tsaye a cikin ƙaramin kanal, ruwa ya kai masa ƙwauri, yana fama da bututun roba mai lanƙwasa da suke ɗebo ruwa da shi zuwa gona. Ana nutsa bakinsa guda a ruwa, a toshe ɗayan da tafin hannu, a yi ta girgizawa har ruwa ya kama. Tsufa ya ci ƙarfin Baba, sau uku ruwan na kamawa yana saki.

Na yi sallama, na miƙa goro daga kan gaɓa. Ina cikin farar shadda da takalmi sau-ciki. Kada ku ce girman kai ne. Haka aka koya mini, haka na koyar: mai bincike ba ya sa hannu a abin da ya zo gani, don kada ya ɓata shi.

Kafin in gama gaisuwa, Nasiru ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya faɗa ruwa. Ashe ɗan mai lambu ne, ban taɓa tambayarsa ba. Girgiza biyu ya yi ruwa ya kama, ya tafi sululu zuwa lungun nan da ba a shuka komai.

Baba Ilu ya dube shi tun daga ƙafa har sama.

"Ɗan wa ne kai?"

"Ɗalibin Malam ne, Baba."

"Ban tambaye ka makaranta ba. Wannan hannun ya san ruwa."

Suka yi ƙasa da murya. Can sai Nasiru ya fito da gudu, idonsa na ƙyalli. "Malam, zai yi magana! Ba ni makirfon, ka danna." Makirfon ɗin doguwar waya ce da shi. Ya ja ta ya koma ruwa, ni kuma na tsuguna a gaɓa da rikoda, na danna. Takwas da rabi daidai.

Ba na jin komai. Ga ƙarar ruwa, ga injin ban-ruwan wani maƙwabci, ga shi ban zo da abin sawa a kunne ba. Sai dai ido. Na ga tsohon da ya shekara shida yana toshe mini baki da goro ya dafa kafaɗar yaron nan, yana nuna gabas inda tafkin yake a da. Na ga ya yi dariya, ban taɓa sanin yana da wushirya ba. Na ga ya share ido da gefen rigarsa. Ni kuwa ina tsugune da akwati kamar ɗan dako.

Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba. Na hango takardar da za ta fito da sunan Dakta Nasiru a sama, nawa a ƙasan shafi cikin waɗanda aka gode wa. Na hango shi a taro yana ba da labarin yadda ya buɗe bakin tsoho a safiya ɗaya.

Tara da kwata rikoda ta yi ƙas. Gefen farko ya cika. Aikin bai wuce na numfashi biyu ba: ka buɗe, ka juya kaset, ka danna. Yatsana yana kan madannin. Na ce a raina, ai shi ya ji da kunnensa, ya je ya rubuta da ƙwaƙwalwar da ake ta yabo, amma ba da rikodata ba, ba da baturana ba. Nasiru ya waiwayo ya ɗaga gira, alamar komai lafiya? Ban juya kaset ba, na ɗaga masa babban yatsa. Suka ƙara minti arba'in suna magana.

Da suka fito aka kawo gumba a ƙwarya, aka raba wa duk wanda ke kusa. Na daure na ce, "Baba, ni me na yi? Sau tara ina zuwa."

Ya tauna gumbarsa ya haɗiye tukuna.

"Ba ka yi komai ba, Malam. Maganar nan ba a yin ta a kan tabarma. A cikin ruwan fari ake ba da ita, ga wanda ya shigo da kansa, ba a kiran mutum. Shekara shida kana zuwa, ban taɓa ganin ƙafarka ba."

"To baɗi in Allah ya kai mu, sai in shigo."

"Sau ɗaya ake faɗa. Haka kakana ya ba ubana, haka ubana ya ba ni. 'Ya'yana duk sun ce shirme ne. Na ɗauka da ita za a binne ni, sai ga wannan." Ya sake dafa kafaɗar Nasiru. "Na sauke."

Bunkure zuwa gida

Muka yi azahar a Bunkure, muka ci ɗanwake na naira arba'in-arba'in, wanda ban ji ɗanɗanonsa ba. Biyu da rabi muka samu tasi mai zuwa Kano kai tsaye, naira ɗari da ashirin, mu huɗu a baya da kwandon albasa a ƙafafunmu. Wandon Nasiru bai gama bushewa ba, yana jiƙa mini gefen shadda.

Mun yi nisa kafin in ce, da muryar da nake zaton ba ta nuna komai, "Sai a fara rubutu, Dakta." Ranar na fara kiransa haka.

Ya juyo da mamaki. "Ni? Malam, ai ni ba ni da bakin magana. Ya sa na yi alkawari ba zan maimaita ba, ko a baki ko a takarda, sai ranar da zan ba wani a cikin ruwa. Kuma sai wanda na girma, wai maganar gangarowa take yi, ba ta hawa. Shi ya sa na roƙe shi ya bar rikodarka ta ji. Da farko ya ƙi. Na ce masa malamina ya fi ni cancanta, babi ɗaya ya rage masa. Sai ya ce to, akwati ba shi da alkawari, abin da ya kama rabonka ne."

Ya taɓa jakata yana murmushi. "Gefen farko duk shimfiɗa ce. Gefe na biyu za ka saurara, Malam. Can ya faɗi abin da ake cewa, da dalilin da ya sa mahaifinsa ya canja shi bayan ya dawo daga karatu. Wallahi babinka ya gama kansa."

Direba ya ce, "Alhaji, a zuge gilas ne? Na ga kana gumi."

Na ce a zuge.

Huɗu saura minti goma muka shigo Unguwa Uku. Nasiru ya karɓi jakata ya kai ni har bakin babur, ya rusuna ya yi sallama. Huɗu da kwata ina gida. Ko riga ban cire ba na sa kaset. Ga ƙarar ruwa, ga sunan tafkin, ga sunayen kakanni, ga ranar da katafila ta zo. A tsakiya Baba ya ce, "Malamin naka yana ji ko?" Nasiru ya ce, "Zai ji, Baba, yana can yana kula." Daga ƙarshe tsoho ya yi gyaran murya ya ce, "To, yanzu ka matso." Sai ƙas.

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hedimasta Garba da iyalinsa da shinkafarsu. Baba Ilu ya rasu damina biyu bayan haka, Allah ya jiƙansa, bai rage ni da komai ba. Babbar godiyata ga Nasiru ce, wanda har yau in mun haɗu a baranda yakan rusuna ya ce, "Malam, ina labarin babinmu?" In ce masa ana kan aiki.

Kaset ɗin yana nan a durowar ofishina, tare da littafin nan mai gida uku. Gefe na biyu kuwa na saurare shi har ƙarshe ya fi sau goma.