Minti Biyun Roscoe Tillery

A unguwarmu ta birnin Gary, mutane sun fi sanin ƙeyar Roscoe Tillery fiye da fuskarsa. In ana kallon ƙwallon kwando a shagon askin Cleophus, da an busa hutun rabin lokaci zai ɗauki hularsa ya yi waje, ko sallama babu. Wasa ya yi zafi ko ya yi sanyi, shi dai nasa ya ƙare.

Shekara talatin da huɗu ya yi a masana'antar ƙarfe, wani mako aikin safe, wani mako na dare, ya fito da gwiwa mai ciwo da kunnen hagu da ba ya ji. Can ya koyi abin da yake kira iliminsa, wato sanin lokacin da jikin mutum yake farke da lokacin da yake barci a tsaye. Da wannan ilimin yake caca ta wayarsa, kuma a kan zagayen farko kaɗai.

Masu gidan caca sukan yanka tazara, su ce ƙungiya kaza za ta fi abokiyar karawarta da maki uku da rabi kafin hutu. Kai kuma sai ka zaɓa, za ta kai ko ba za ta kai ba. Roscoe yana da ƙa'idojinsa. Ƙungiyar da aka ci wa mutunci jiya a gidanta, yau da fushi za ta fito, sai ya bi ta. 'Yan gaɓar yamma in suka zo gabas aka sa musu wasa da rana tsaka, ƙafafunsu ba su tashi daga barci ba, sai ya ƙi su. Kuma ko kusa ba ya sa kuɗi sai ya ga sunayen waɗanda za su fara, abin da ba a fitarwa sai dab da wasa.

Wanda ya ce ya yi caca a kan wasa gaba ɗaya, ranar ya shiga uku. Roscoe zai miƙe da mayafin aski a wuyansa ya yi ta faɗa, wai zagaye na biyu shara ne. An tara maki, koci ya zaunar da manya, ya kwaso 'yan benci su zo su ɓata wa mai hankali lissafi. “'Yan benci!” yakan ce, kamar mai tofar da ƙashin kifi. “Ni zan zauna kallon waɗanda kocinsu ma bai yarda da su ba?”

A shago yake faɗa, a bakin coci yake faɗa, a teburin cin abincin Lahadi a gidan 'yarsa Vernetta ma yake faɗa, bakinsa cike da soyayyiyar tarwaɗa. Ita kuwa jikarsa Jalisa tana zaune a gefensa tana ji. Shekara uku yarinyar nan tana ƙungiyar 'yan matan makarantarsu, kuma shekara ukun nan a benci take, ba a sa ta sai an dawo hutu. Ya je wasanninta ya fi sau goma, bai taɓa ganin ta taɓa ƙwallo ba. Abin haushin, bai ma lura ba.

In an yi masa magana sai ya hau sama. Dala ashirin yake sawa, ba ya ƙari. Bai taɓa jinginar da gida ba, bai taɓa taɓa kuɗin maganin marigayiya matarsa ba, to me aka ce ya yi? Gaskiya ne, caca ba ta ci gidansa ba. Hankalinsa ta cinye, ta bar mana gangar jikin tana yawo da hula.

A watan Fabrairu aka zo wasan ƙarshe da su Jalisa za su buga a gida. Al'adar makarantar ce a ranar, lokacin hutun rabin lokaci, a kira kowace ɗaliba mai barin makaranta, iyayenta su rako ta tsakiyar fili, a ba ta fure. Uban Jalisa ya rasu tun tana goye. Da aka ba ta takarda ta rubuta masu rako ta, sai ta sa sunan uwarta da na kakanta.

Vernetta ba ta aika ba, da ƙafarta ta je gidansa. Ta gaya masa ranar Asabar ce, ƙarfe biyu, kuma wayarsa a mota za ta zauna. Ya fara cewa ai shi ba yaro ba ne, ta katse shi.

“Baba, ni na saba. Ranar da na gama makaranta ka fita, ranar aurena ka fita, na haɗiye. Amma wallahi in ka bar yarinyar nan tsaye, kujerarka ta Lahadi a gareji za ta kwana.”

Ya ji haushi ƙwarai, don gaskiya aka gaya masa. Ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya goge takalmi, ya bar waya a mota kamar yadda aka ce.

Sai dai ranar akwai wasan ƙwararru ƙarfe biyu da rabi, 'yan yamma sun sauka gabas bayan sun buga wasa jiya. Irin wannan Roscoe yakan jira wata guda bai samu ba. Yana zaune kusa da Vernetta, ƙafarsa tana ta rawa, idonsa yana kan agogon bango. Biyu da ashirin da biyar ta yi. Ya dubi agogon wasa, saura minti biyu a tafi hutu.

Nan iliminsa ya kashe shi. Shekara arba'in yana kallon ƙwararru, ya san minti biyun ƙarshe minti goma ne: a yi ƙeta, a yi jifa, koci ya nemi a tsaya, talabijin ta sa tallar mota. Zuwa mota da dawowa, ko da wannan gwiwar, minti shida ne. Ya raɗa wa Vernetta cewa zai zaga bayi. Ba ta ko dube shi ba.

A wasan 'yan makaranta babu talla, kuma ranar babu wadda ta yi ƙeta. Minti biyu suka zama minti biyu.

Yana cikin mota, gilashi duk ƙanƙara, yatsunsa sun ƙage, wayar tana ta juyi kafin ta buɗe. Ya zagi wayar, ya zagi wanda ya ƙera ta. Sunaye suka fito daidai yadda yake so, ya sa dala ashirin ɗinsa, ya taho yana ɗingishi har da ɗan murmushi.

A bakin ƙofa ya tarar ana tafi, ana naɗe jan kafet. Cleophus, wanda ya rufe shago don ya zo, shi ya tare shi. Ya ce sau biyu mai sanarwa ya kira Roscoe Tillery, har ya dakata yana waige-waige. Ya ce yarinyar ta tsaya da hannunta na dama a lanƙwashe, inda za a riƙe, sai da uwarta ta ja ta.

“Kai dai an yi tsohon banza,” in ji Cleophus, ya wuce shi.

Roscoe ya fara faɗa, don shi ya iya. Wane irin wasa ne wannan da ba a tsayar da agogo? Wane sakarai ne ya fara kiran sunaye daga harafin ƙarshe? Vernetta tana can sama a kujerun 'yan kallo, ta ɗora jakarta a inda ya tashi.

'Yan wasa suka fito daga ɗakin canza kaya, ta gabansa za su wuce. Jalisa ce ta ƙarshe, ta cire rigar sanyinta, alamar yau da ita za a koma. Idonta ya yi ja, amma ba ta kuka. Ya buɗe baki zai yi mata bayanin agogo.

“Kaka, je ka abinka,” ta ce a hankali, ta gefen kunnensa mai ji. “'Yan benci ne suka rage.”

Bai tafi ba. Bai kuma hau sama ba, don babu wurin zama. A bakin ƙofar ya tsaya da hula a hannu, ya kalli zagaye na biyu tun daga farko har ƙarshe, karo na farko cikin shekaru. Ya ga ashe da hagu take jifa, kamar kakarta. Sau uku ta jefa ƙwallo a kwando, kuma kowane karo sama take duba, wajen uwarta.

Ana saura kaɗan a tashi wayar ta yi motsi a aljihun kwat ɗinsa. 'Yan yamma sun yi barcinsu kamar yadda ya ce, ya ci cacarsa.

Har yanzu yana zuwa shagon Cleophus. Ranar Lahadi kuwa, wajen ƙarfe ɗaya, za ka gan shi a shagon kifi na kan kwana yana sayen tarwaɗa ta mutum ɗaya, yana faɗa da mai suya wai gishiri ya yi yawa.